Takardar da Na Soke a Bango

Wata Laraba ce da kaka, zamanin Nasara, ina 'yar shekara tara, na tsinci takarda ƙasa a bakin zaurenmu na Goronyo. An horar da mu cewa rubutun Larabci ba ya kwana ƙasa, don haka na kaɗe mata ƙura, na naɗe, na soke ta cikin tsagar bango, na koma ga sussukar gero ina jin na yi aikin lada.

Babana alƙali ne. Da hantsi shari'a, bayan azahar ya karantar da manyan ɗalibai hukunce-hukuncen gado da ciniki, da la'asar kuma ya jingina da bango yana tsara waƙa, yana ƙirga da yatsu. Tawadar duk ukun ni ke dama ta, da baƙin tukunya da ƙaro. Ban iya zama wuri ɗaya ba. In na kai tawada sai in laɓe bayan asabari har Inna ta jawo ni da kunne.

Ashe takardar shaidar fadamar Hajo ce, wata gwauruwa daga Kagara da ƙannen mijinta sunka so ƙwace mata wurin albasa. Sai an kai ta Sakkwato an duba kafin hukunci ya tabbata. Kwana shida anka yi ana zazzage gafaka, matar na zaune ƙofarmu, lokacin dashe na wucewa. Na ji ana cigiyar "shaida", ban san ita ce na adana ba, sai da na ji Baba ya ce 'yar guntuwa ce mai jan layi.

Na zaro ta, gara ta fara cin gefe. Ina jiran bulala, sai ya ce, "Kin girmama ta, ba ki san mi tac ce ba." Na ce to ya koya mini karatu. Ya yi murmushi: "Mi za ki yi da shi, uwata?" Ya koma ga waƙarsa.

Hajo ta samu fadamarta, amma albasar shekarar ta wuce ta. Ni kuwa sai da na aurar da 'ya biyu kafin na zauna ajin manya, ina faɗa da alli.

Yau jikata na karatun shari'a, tana karanto mini waƙoƙin Baba daga waya. Nakan ce ta miƙo, in karanta da kaina.