Sikin Zornitsa Mai Kai Biyu

A garin Samokov, duk wanda ya fara furfura kuma ya taɓa zamiya a dutsen Borovets ya san ƙamshin ɗakin Bai Velichko, wato dattijo Velichko. Ɗaki ne a ƙarƙashin gidansa, rabi buhunan dankali, rabi siki, dogayen katakan nan da ake ɗaura wa ƙafa a zame kan dusar ƙanƙara. Nan yake narka kakin shafa wa siki da dutsen gugar marigayiyar matarsa, ya wasa gefuna, ya huda ramukan da ake kafa maɗaurin takalmi.

A da, 'yan tsere har layi suke yi a ƙofarsa, wani da kwalbar barasar da suke kira rakiya a hammata, wani da banitsa, gurasarsu mai cuku, da zafinta a takarda. Ranar gasa yakan hau har wurin tashi, ya tsaya a bayansu da tsumma a kafaɗa. Su zabura su gangara, shi kuma ya bi ƙeyarsu da ido har itatuwa su haɗiye su. Yakan ce ya fi sanin ƙeyar mutanen garin a kan fuskarsu. Da shagunan kan dutse suka sayo injuna, layin ya yi ta raguwa har ya zama saura mutum ɗaya, jikarsa Zornitsa.

Shi ya koya mata zamiya tun tana tsayawa tsakanin gwiwoyinsa. Da ta girma sai ta bar tsere ta koma wajen 'yan tsalle, masu zamewa kan bututun ƙarfe, su juya a iska su dira da baya. Velichko hauka yake kiran abin, ko leƙawa bai taɓa yi ba. Amma da ta tashi sayen siki na kanta, ta ja shi har Sofiya, babban birni.

A shagon ya ɗaga wani, ya duba sama, ya duba ƙasa. Duka bakin biyu a tanƙware suke.

"Wannan ina kansa, ina gindinsa?"

"Duka kai ne, Dyado," in ji ta. Haka take kiran kakan nata.

Ya zaro wani mai tauri ya miƙa mata. Ta danna shi da tafin hannu, ko motsi bai yi ba.

"Haba Dyado, ai wannan ƙofar coci ce. Mai laushi nake so, wanda in na taka zai cilla ni."

"Zai kuwa cilla ki. Har asibiti."

Ta yi ta lanƙwasawa tana ajiyewa, ta auna wannan da goshinta, ta jijjiga wancan ta ji nauyinsa, har ta tsaya kan wani ja. Mai shago ya ce a kawo ya kafa mata maɗauri a inji. Ta ce a'a, tana da mai kafa mata. Velichko ya juya yana duba safar hannun da ba ya bukata, daɗi ya cika shi har wuya.

"Tsakiya, Dyado," ta ce da suka isa gida. "Tsakiya cif, ka ji ko?"

"Tun ba a haifi ubanki ba nake huda siki, yarinya."

Ya ji, ba wai bai ji ba. Amma da ya shimfiɗa sikin ya ga tsakiyar, sai zuciyarsa ta ƙi. Duk rayuwarsa takalmi a bayan tsakiya yake zama. Ya ce yarinya ce, garin gayu za ta karya wuya. Ya ja baya da faɗin tafin hannu ya huda, har yana ganin ya yi mata gata.

Ranar Asabar da la'asar ta shigo ɗakin, leɓe a fashe, wuyan hannu a kumbure. Ta dira da baya, bakin da ya gajarta ya soke cikin ƙanƙara ya kifar da ita. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta jingina sikin a bango.

"Ba komai, Dyado. In hannun ya saɓe zan kai wa Kalin na shagon kan dutse ya gyara a injinsa."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Ita kaɗai ta rage masa, kuma da hannunsa ya kore ta. Ya cire maɗaurin, ya toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya da gam, ya bar su suka bushe. Bai huda sabo ba.

Da ta zo ɗauka, ta tarar da shi zaune da fensir. Ya miƙa mata.

"Nuna mini."

Ta karɓi fensirin. Sannan ta ɗora sikin a kan yatsa har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba, ta auna, ta ja layi.

"Nan. In ka goce, wallahi sai na gaya wa duk Samokov."

"Ke dai riƙe mini, mai surutu."

Wurin bai yi wa idonsa daidai ba ko kaɗan, amma ya huda.

Da ta warke ya bi ta kan dutsen, da tsohon tsumman a kafaɗa. Ya tsaya a bayanta a wurin tashi, inda ya saba tsayawa, yana jiran ya ga ƙeya. Sai ta yi tsalle ta juya, ta fara gangarawa da baya. Tana nisa, fuskarta na kallonsa, tana dariya da leɓen da bai gama warkewa ba, tana ɗaga masa hannu.

Bai san abin da ake yi ba in mai tafiya yana kallonka. Ya zare tsumman daga kafaɗa ya ɗaga mata.