Abin da Rana Ba Ta Kashe Ba a Kwarin Mushe

Shekarar da babban fari ya ƙare, shanu huɗu suka rage wa mahaifinmu, wanda muke kira Baffa. Muna zaune a wata ruga yamma da Sule Tankarkar. Ruwan farko ya sauka, amma ko'ina ƙasa tsirara take, sai wuri ɗaya da ciyawa ta yi kore shar: Kwarin Mushe, inda aka binne shanun da ciwon saifa ya kashe tun ba a haife ni ba. Baffa ya ce gobe can zai kai su.

Kakarmu Hajjo, wadda ta haife shi, ba ta yi masa musu ba. Ba ta taɓa tsawata wa ɗanta a gaban 'ya'yansa ba. Bayan an ci tuwo sai ta tara mu bakin murhu, ta ɗaga murya fiye da kullum, don Baffa yana can gefe yana tufkar igiya.

"Ga ta nan, ku tare ta kafin ta wuce. Ke Jummai, mai kunnen ƙashi, rufe baki." Da ni take.

Ta ce wata shekara Rana ta yi rantsuwa sai ta ga bayan duk mai rai. Kifi ya mutu, kuka ta zubar da ganye, tsuntsaye suka yi kudu. Sai wani ɗan abu, wanda idon allura ma fili ne a wurinsa, ya ce shi ba inda za shi. Ya tofar da ruwan jikinsa kaf, ya naɗe kansa cikin ɓawo, ya kwanta a ƙasa ko numfashi babu. Rana ta yi shekara bakwai tana dukansa. Ta leƙa, ta ga ba motsi, ta tafi tana taƙama. Ranar da ɗigon ruwa ya taɓa shi, sai ya buɗe ido.

Nan Hajjo ta sassauta murya. "Ya ce, wa ya tashe ni? Yunwa nake ji."

Baffa ya ajiye igiyar. "Inna, na ji. Amma ranar da ta ƙafar da rijiya gaba talatin, me za ta bari a kwarin can? Idan ban kai su ba, yunwa ce za ta kashe su."

"Rana, mai ruwa a jiki take kashewa, Buba," in ji ta. Tatsuniyar ma ba ta rufe ta ba.

Ba na ganin laifinsa har yau, wallahi. Mu mutane ne da muka yarda da rana. Nama, fata, kuɓewa, duk abin da muke tsoron ya lalace, shanya shi muke yi. Ya kai shanun kwarin.

Bayan kwana uku Kyalla, saniyar da muke shan nononta, ta faɗi tana rawar jiki, baƙin jini na fita ta hancinta. Baffa ya zaro wuƙa don kada ta zama mushe. Hajjo ta hana mu cin naman, ta tsaya a kai har aka binne naman a kwarin, amma Baffa ya riga ya feɗe ta da hannunsa mai tsaga. Wani baƙin ƙurji ya fito masa a damtse, hannun ya kumbura har wuya. An ɗora shi a jaki za a kai shi Gumel. Bai kai ba.

Na girma kafin wani malamin dabbobi ya gaya mini cewa ƙwayar cutar saifa haka take yi: ta bushe, ta shiga ɓawo, ta jira shekaru a ƙasa. Na ce masa na sani, tsohuwar da ba ta taɓa ganin allo ba ta riga shi.

Daminar bara na bi ta wurin. Kwarin ya yi kore shar, wani saurayi yana kiwon tumaki a ciki. Na sa aka tsayar da mota, na roƙe shi ya kora su, na gaya masa abin da ke kwance a ƙasan.

Ya yi dariya cikin ladabi. "Haba Hajiya, shekara nawa rana tana dukan wurin nan?"