Farin Ɗinkin da Ke Falalen Gonarmu

Mutane sun gaya mini ba zai yiwu ba. Sani, ɗan ƙanena, wanda ke riƙe da gonarmu ta gado a Kurmin Kogi, ya faɗa. Malam Idi, shugaban masu fasa dutsen da aka bai wa falalen bayan gonar su mayar da shi tsakuwa, shi ma ya faɗa. Abin da na roƙa kuwa shi ne a ciro mini yanki ɗaya ɗungurungum, daidai inda wani farin layi ya ratsa tsakanin baƙin dutse da ja.

"Ranka ya daɗe, Hedimasta," in ji Malam Idi, "mu da wuta muke aiki. Mu jibga itace a kan dutse mu kunna, in ya yi zafi mu kwara masa ruwa. Duk inda irin layin nan yake, ta nan dutse ke fara buɗewa. Abin da kake so a tsare shi zai fara tafiya."

Ban yi masa gardama ba. Na ƙarar da ƙuruciyata ina gardama a gaban allo, tsakanin makarantun Ikara da Kudan, kuma yanzu gwiwoyina ba sa son tsayuwa. Sai na zauna a kan falalen, na tuna da Iya Ladi.

Iya Ladi ce ta haifi mahaifina. Idan an ci tuwo, takan hura wutar kara a tsakar gida, ta tura dankali cikin toka, mu jikokinta mu kewaye ta. Ni take fara tsokana.

"Kai, mijin nawa, matso. Miji ba cefane, sai cin dankalin mata."

Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Tatsuniyar da na fi riƙewa ita ce ta tsohuwar gyartai, wato mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya. A farkon zamani, in ji Iya, ƙasa ba ɗaya ba ce. Gutsattsari ce tana yawo a kan ruwa kamar sakaina. Uwa na kan wannan, 'yarta na kan waccan, sai dai su ɗaga wa juna hannu idan iska ta gitta da su. Tsohuwar ta gaji da kukan mutane, ta ɗauki ƙugiya ta riƙa jawo sakainun ɗaya bayan ɗaya, tana hudawa da basilla, tana ɗinkewa da farin zare. Ba ta damu ko launinsu ya zo ɗaya ba. Inda ta ja zaren da ƙarfi, ƙasa ta tattare ta yi tudu. Da ta gama, ta bar wa mutane gargaɗi guda: kada kowa ya hura wuta a kan ɗinki.

"Iya, ina ɗinkin yake?" muka tambaya.

"Kullum kuna taka shi a bayan gona, da ƙafafunku masu faso."

Daga ranar, idan muka je gadin tsuntsaye muna gasa masara a kan falalen, nesa da farin layin muke kunna wutarmu.

Shekaru suka shuɗe, na shiga kwalejin horon malamai a Zariya. A can malamin labarin ƙasa ya bayyana mana cewa nahiyoyi suna tafiya, a hankali kamar tsirowar farce. Ya ce ƙasar da muke kai an haɗa ta ne daga yankuna dabam-dabam, waɗanda suka taso daga nesa suka matsu tsakanin wasu manyan tsofaffin ƙasashe, har tekun da ke tsakaninsu ya rufe, tun kafin a yi wata halitta mai tafiya a doron ƙasa. Haɗuwar ta tayar da tsaunuka, ta kuma haifar da wata babbar nahiya wadda Afirka da Kudancin Amurka da Indiya duk suke cikinta kafin su sake rabuwa. Ruwa da iska suka cinye tsaunukan, falalen duwatsun da muke shanya barkono a kai su ne saiwoyinsu. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, domin an riga an share wa maganar wuri a kaina.

Ba zan ce Iya ta san wannan ilimi ba, kuma farin layin gonarmu ba shi ne ainihin mahaɗar nahiyoyi ba. Ruwan ma'adinai ne mai zafi da ya shiga tsaga lokacin da duwatsu ke matsuwa, ya daskare. Amma shaida ce ta wancan zamani, kuma a kanta na koyar da yara masu yawa.

Na ɗago na ce wa Malam Idi, "To, kada ku hura wuta a kan ɗinkin. Ku lulluɓe shi da ɗanyar laka, ku kunna nesa da shi ta kowane gefe."

"Aikin zai ninka, Hedimasta."

"Baffa, dutse ne fa," in ji Sani. "A ina ma za ka ajiye shi?"

"A ƙofar zaure, inda za ka yi tuntuɓe da shi duk ranar da ka tuna da zuwa gaishe ni."

Ma'aikatan suka yi dariya, Sani ya sunkuyar da kai. Aka kwaɓa laka.

Na zauna a inuwar ɗorawa ina kallon hayaƙi, ina jin ƙarar dutse yana tsagewa, kowace ƙara sai na ɗaga kai na duba wajen lakar. Da aka kwara ruwa na ƙarshe aka kankare lakar, yankin ya fito, bai fi faɗin buzun salla ba. Gefe ɗaya ya ɓantare, amma baƙin da jan suna riƙe da juna. A amalanken shanu aka kawo mini shi.

Sauran falalen ya tafi a bayan tifa. Ina zama kusa da yankin nan a ƙofar zaure da la'asar, ina tunanin cewa tsohuwar gyartai ba ta yi alkawarin ɗinkinta zai dawwama ba, wuta kawai ta ce a nisantar. Jikokina suna Kaduna da Legas, ta waya muke ɗaga wa juna hannu. Ban san ko wani cikinsu zai tambayi ma'anar layin nan ba, kuma ba ni da sauran ƙarfin bin su da labari.

Na dai sa Sani ya nemo mai rubutun fenti. A bangon zaure, bisa dutsen, ina so a rubuta sunan Iya Ladi, a ƙarƙashinsa kuma ranar da aka ciro shi bai rabu ba: Larabar farko bayan Babbar Sallar bana.