Tukunya Mai Jan Zare

Labarin ya iske ni da safen nan, ina shan koko a ƙofar gida nan Talladjé. Dauda Bayahude ya rasu can Maroko, wurin ɗiyarsa.

Da farko ban yarda ba. Waya ta sha kashe mutane suna nan da ransu. Sai da Idi tela ya sa mini muryar ɗiyar sau biyu, na ji ta ce "Baba Abdu" yadda take faɗi tun tana ƙarama, sannan na aje kofin.

Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Ni ke faɗi, Idi ke rubuta muku a wayarsa, kuma na ce ya maimaita mini kowane layi, kar ya ƙara gishirinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, aikin haƙar rijiyoyi ya kawo shi Nijar. Na yi masa kuku shekara goma sha ɗaya a gidansa na unguwar Dar es Salam nan Yamai, kuma duk shekarun nan idona na kansa.

Me zai hana? Mutumin da in rana ta faɗi ran Juma'a ba ya taɓa makunnin kuran, wato lantarki, ba ya shiga mota, sai Asabar ta fita. Tukwanensa kashi biyu, masu jan zare a hannu na nama, masu shuɗi na madara, ko wurin wanke-wanke ba su haɗuwa. Ga wani ɗan kaye da yake rubutu ciki kullum bayan la'asar. Na ce a raina, wannan rahotonmu yake kai wa wani.

Alheri kam ya yi. Da azumi bai taɓa cin abinci gabana ba. In na kawo masa gulmar mai gadin gidan, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Abdu, yana nan? In ba ya nan, bar shi." Har wannan sai da na zarga. Na ce so yake in saki jiki.

Wata rana na ce bari in gwada, addini ne ko burga. Na zuba man shanu cikin tukunya mai jan zare, na dafa naman rago. Ga baƙi a tebur, ga matata ta zo taya ni aiki. Loma ɗaya ya gane. Ya tashi, ya kira ni jaki gaban baƙi, gaban uwar ƴaƴana. Na aje ludayi na fita, ban sake komawa ba.

Shi a zatonsa mantuwa na yi. Ban gyara masa zaton ba.

Ƙarshen damina, ana gab da babban azuminsu da yake ce wa Kifur, sai ga motarsa cikin taɓon unguwarmu. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce a dokarsu Allah ba ya yafe abin da ke tsakanin mutum da mutum sai wanda aka cuta ya yafe, kuma kunyata mutum gaban jama'a kamar zubar da jininsa ne. Na ce zan yi tunani.

Ya dawo. Ya sake dawowa.

A na ukun na tambaye shi sau nawa dokar ta ce a zo. Bai ɓoye mini ba. Uku ne, bayan nan shi ya fita, nauyin ya koma kan wanda ya ƙi. Na ce to ga dabarar ta fito, wanke kansa ya zo yi da ni. Na shige gida na bar shi tsaye.

Zuwa na huɗu ne ba na da inda zan aje shi, don babu shi cikin doka. Shekaru sun wuce, zai bar Yamai gaba ɗaya, ya zo da sanda, ya zauna kan tabarmata da ƙyar. Ya yago shafi ɗaya daga kayen nan ya miƙo mini.

"Na san ba ka karatu, Abdu. Aje shi. Ranar da ka sami wanda ka yarda da shi, ya karanta maka."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakar abin da na ce masa ke nan.

Takardar na cikin gwangwanin da nake aje katina na ɗan ƙasa, ban nuna wa kowa ba, ina tsoron me aka rubuta kaina. Yau na ba Idi. Da Faransanci ne. A sama kalma ɗaya, fushi. Ƙasanta layi-layi, ranar da ya riƙe kansa da ranar da ya kasa. Rahoton kansa yake rubutawa ashe. Can ƙarshe ga sunana: Abdu bai yafe ba tukuna, kuma yana da gaskiya.

Ba ni da gaskiya, jama'a.

Ba na mance magana. Ya taɓa gaya mini, ina yankan albasa, cewa wurinsu in wanda ka cuta ya mutu, sai ka tara mutum goma bakin kabarinsa ka faɗi laifinka da baki. Ni Musulmi ne, kuma gwiwoyin nan ba su kai ni Maroko. Amma ga ku.

Ni Abdu, da gangan na zuba man shanun nan. Dauda, na yafe maka tun ranar da na ga takalminka cikin taɓo, taurin kai ne ya riƙe bakina.

Na san akwai waɗanda suka riga suka shirya yatsa su rubuto mini wa'azi. Na san ku, wasunku har kakanninku na sani. Ban ce ku yanke masa makoma ba, wannan na Wanda ya halicce shi ne. Ku roƙa wa ɗiyarsa haƙuri. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya yafe mini, kar ya ɗauki raina da haƙƙin wani a wuyana. Amin.

Mutum goma nake nema, kowa ya rubuta "na ji" a ƙasa. Idi zai karanto sunayen, ni zan ƙirga da yatsuna.