Gonar da Muka Tsince Tas

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, ina da shekara goma sha ɗaya. Ƙauyenmu yana tsakanin Makoda da Kunci, inda gona ke manne da gona, har idan ka yi tari a taka maƙwabci zai yi maka sannu daga tasa. A shekarun arziki lokacin girbi shi ne sallarmu ta uku, mu yara. Malam yakan sallame mu daga allo mu bi manya gona. Bayan magariba kuma sai mu kewaye murhun Iya, mahaifiyar Baba, muna gasa tumun sabon gero, muna murzawa muna hure ƙaiƙayi, ita kuwa tana mana tatsuniya.

Iya ba ta ba da tatsuniya a zama ɗaya. Takan raba ta gida uku ko huɗu, kuma kullum sai ta tsaya daidai inda ranka ya fi so, ta ce bakinta ya gaji. Ko birgima za ka yi a ƙasa, sai gobe. Na sha yin fushi da ita a kan haka, ita kuma ta sha yi mini dariya da 'yan haƙoranta guda huɗu.

A waccan shekarar babu tumu. Baba ya hana a taɓa ko zangarniya ɗaya kafin a ga abin da gonar ta bayar.

A wajenmu akwai abin da ake kira kala. Idan an yanke gero, an ɗaure dami, an kwashe, to duk zangarniyar da ta faɗi ko ta ɓuya ƙarƙashin kara ta tashi daga hannun mai gona. Ta zama ta wanda ba shi da gona. Mai kala yakan shigo bayan kowa ya watse. Ba ya sallama, ba ya godiya, mai gona kuma in ya hango shi sai ya kau da kai ya bi wata hanya.

Gwaggo Tabawa da kala take fita shekara. Tsohuwa ce, danga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ya tafi cin rani kudu shekara uku ba amo ba labari. Mace ce mai ɗaurin ɗankwali tsaf, wadda ko gishiri ban taɓa ganin ta aiko a sam mata ba. Kowa ya san duk kaka da gonarmu take farawa.

Ranar da aka gama ɗauri, Baba ya tsaya yana duban dammunan. Ba sai ya ƙirga ba, ido ɗaya ya isa. Sannan ya juyo gare mu, ni da ƙannena.

"Ku ɗauki ƙwarya," ya ce. "Ku ɗaga kowane kara. Kada ku bar ko rabin zangarniya."

Ni kuwa ga son a yaba. Na bi kunya-kunya kamar mai neman allura, har wadda tsutsa ta ci rabi ban bari ba. Na cika ƙwaryata sau biyu, Baba ya dafa kaina ya sa mini albarka. Da muka kusa gida na tuna na bar takalmina a gindin gawo, na koma da gudu. Nan na tarar da Gwaggo Tabawa ita kaɗai a tsakiyar gonar. Tana ɗaga kara, ta duba, ta mayar. Ta yi haka har ƙarshen kunya, ta dawo ta wata. Daga baya ta miƙe, ta kife ƙwaryarta a ka, ta nufi gida. Ban san me ya sa na ɓuya ba, amma na ɓuya.

Iya ta ga ƙoren da muka shigo da su. Ta tambaye ni daga ina, na gaya mata. Ta dubi inda Baba ke zaune a kan buzu. Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa faɗa ido da ido, tun yana yaro haka suke. In magana ta kama sai ta ce "mai gidan nan".

Bayan an sha kunu, wanda ya fi kama da ruwan wanke ƙwarya, sai ta tura kara a wuta ta gyara zama.

"Ku matso," ta ce. "Ga wata tatsuniya ta zo tana ƙwanƙwasa ƙofa."

"A buɗe mata," muka amsa.

Na lura a ranar muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, kamar mu kurame ne.

Ta ce an yi wani manomi da ake ce wa Mai Tsintsiya. Ba rago ba ne, ba kuma azzalumi ba, ɓarna ce kawai ba ya so. Idan ya gama girbi sai ya ɗauko tsintsiya ya share gonarsa tas, ya sheƙe ƙasar, ya kwashe 'yar tsabar da ta zube. Ran nan kurciya ta sauka ta zaga ba ta sami ko ƙwaya ba. Ta ce, mai gona ina rabona? Ya ce, kunya nawa kika yi mini da damina? Kurciya ta tashi, ta kwashe danginta suka bar garin. Daga nan Iya ta ce bakinta ya gaji.

Washegari ta ɗora. Tururuwa ta fito da 'ya'yanta a jere, suka yini suna yawo, suka koma rami ba komai a baki. Su ma suka yi ƙaura. Sai wata tsohuwa ta zo da ƙwarya. Ita ba ta tambayi rabonta ba, ta duba ne kawai ta juya. Maƙwabta kuwa da suka ga rumbun Mai Tsintsiya ya fi na kowa cika, sai kowa ya nemi tsintsiya. Kafin shekara uku garin kaf ya iya shara.

Ina jin an ambaci tsohuwa na sunkuyar da kai. Baba yana jan carbi, sai na ji ƙarar ta tsaya.

A rana ta uku ta ƙarasa. Fari ya zo. Dattawa suka ce a haƙa gidajen tururuwa, yadda kakanni suka yi a yunwar da, don a nan ake samun tsabar da ta tara. Aka haƙa, ramuka wayam. Mai Tsintsiya ya ce shi dai yana da rumbu. Da ya buɗe sai ya tarar gara ta shiga ta ƙasa, ta mayar da geron jar ƙasa. Ya jira har mutane suka shige gida, ya ɗauki ƙwarya ya tafi kala.

"Ya shiga gona ta farko, a share," in ji Iya. "Ta biyu, a share. Ya durƙusa ya duba sawun tsintsiyar, sai ya gane sharar. Irin tasa ce sak. Shi ya koya musu."

Ƙanena Sani ya ce, "Iya, sai ya mutu?"

"Ban bi shi na gani ba."

Can sai Baba ya yi gyaran murya.

"Iya, na ji," ya ce. "Amma baki tara ne ke kallona a gidan nan."

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba. "Hajara, gaya wa mai gidan nan ban ce ba shi da gaskiya ba."

Da safe Baba ya auna tsaba cikin kwano, ya rufe da faifai, ya ce in kai wa Gwaggo Tabawa. Ta karɓe ni da fara'a, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga faifan, ta duba, ta mayar.

"Ki ce na gode, Allah ya ƙara rufin asiri. Ina da ɗan abin taɓawa. Ku da kuke da yara ku kuka fi buƙata."

Ina fita na ga murhunta. Tokar ta yi sanyi, har kaza ta yi birgima a ciki.

Da na dawo da kwanon, Iya ta dafe kai. "Kun tsare ta tsakanin cikinta da mutuncinta," ta ce. "Wadda ta shekara sittin ba ta miƙa hannu ba, yau za ta fara, a gaban jikar ƙawarta?"

Washegari bayan sallar asuba Baba ya kwance dami guda daga cikin 'yan kaɗan ɗin da muke da su. Ya ɗauka a ka, na bi shi. Muka bi gonar muna cusa zangarniya ƙarƙashin kara, nan biyu can uku, yadda za a ce mantuwa ce. Da hantsi Iya ta tsaya jikin danga tana faɗa da ƙarfi, wai yaran yanzu ba su iya aiki ba, sun bar rabin gero a gefen gabas.

Kwana biyu ina leƙen gonar. Wasu sun zo sun tsinta, tsuntsaye ma sun ci nasu. Gwaggo Tabawa ba ta zo ba. Ta riga ta je sau ɗaya ta ga abin da ta gani, kuma a wurinta magana ce aka gaya mata. A rana ta uku muka ga ƙofarta ɗaure da igiya. Aka ce ta bi wasu masu tafiya Kano a ƙasa, wai za ta nemi ɗanta. Ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Ban taɓa ganin laifin Baba ba, har yau. Kafin damina ta zagayo mun ci ganyen tafasa, mun ci dusa, mun kwana da ruwa. Amma na san kalar da muka tsinto kwana huɗu ta yi mana. Kuma tun daga shekarar har ya bar duniya, Baba bai sake yarda wani ɗansa ya koma gona bayan an kwashe dami ba.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar a kan rowa take. Sai da na girma, na ga masu kyauta iri-iri, har da masu tara jama'a kafin su bayar, sannan na gane abin da Iya ke karewa. Mutanenmu sun san akwai wanda yunwa za ta kashe bai buɗe baki ba. Saboda irinsa suka bar hanyar da zai ci ba tare da ya sunkuyar da kai ga kowa ba. Wannan hanyar muka toshe da 'yan hannuwanmu, kuma kwanon tsaba bai iya buɗe ta ba.

Bayan na shekara ashirin ina koyarwa a firamare, aka nemi in rubuta wa 'yan aji biyar da shida ɗan littafin karatu a kan hutun kaka, babi-babi, yadda za su riƙa karanta ɗaya kowane mako. Na sa labarin Mai Tsintsiya, na sa na wata yarinya da maƙwabciyarsu. Waɗanda suka duba suka ce yara ne, a ƙare musu da farin ciki. Na yarda. A babi na ƙarshe tsohuwar ta koma gonar da sassafe, ta ɗaga kara, ta tarar da gero, ta cika ƙwaryarta har tana dannawa, ta dawo gida ta hura wuta.

Yara suna son wannan babin ƙwarai. Duk sauran ni nake karanta musu da bakina. Idan aka zo kansa sai in miƙa wa wata ɗaliba littafin in ce ta karanta, ni kuma in je in tsaya a bakin taga har ta gama.