Ledar Jini da Jiƙaƙƙen Tabarau

Cikin duk shekarun da na yi ina masinja a wannan asibiti namu na Nasarawa, ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba. Ku da kuka zo kuka tarar da babur, ba ku san keken da na yi aiki da shi ba, wani baƙi mai akwatin sanyi ɗaure a baya. A lokacin ba mu da wurin ajiye jini, sai a wani ɗakin gwaji da ke Kakuri. Da safe nakan kai musu samfurin jinin majinyaci, su nemo wanda ya dace da shi, in koma in karɓo. Ƙa'ida ita ce kafin in sa hannu a rajista, sai na karanta lambar da ke jikin leda da ƙarfi, ma'aikacinsu yana bin takarda da ido.

Ran nan an yi wa wata mata tiyatar haihuwa, ta zubar da jini sosai. Wajen la'asar aka bugo waya cewa jininta ya samu, daidai lokacin da ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Motar asibiti ta fita, masu Napep kuma sun ƙi shiga layinmu don kwata ta cika ta haɗe da titi. Sista Rifkatu, shugabar nas-nas ɗinmu, ta tsaya tana kallon tabaraun da ke fuskata. Ta san in na cire shi, ba na bambance mutum da turken lantarki.

"Malam Isa, za ka iya?"

Na ce mata tunda matar tana jira, maganar iyawa ba ta taso ba.

Wautar farko ni na yi ta. Na ja hular rigar ruwa na ɗaure ta har hanci, sai numfashina ya dinga hawa yana rufe gilashin ta ciki, ruwa yana dukansa ta waje. Ban yi nisa ba na zurma tayar gaba cikin rami, saura ƙiris in kifa. Na cire tabaraun, duniya ta zama kunu. Na mayar, duk ɗaya. Wani mai faci da ya fake a rumfarsa ya ce in sassauta hular in bar hancina ya sha iska, ya ara mini tasa hular mai baki don ta tare ruwan. Da ita na lallaɓa, ina bin jar fitilar wata bas har Kakuri.

Na shiga ɗakin gwajin na jiƙe sharkaf. Ɗumin ɗakin na bugun gilashin, ya yi fari fat. Mista Terver, wanda ke kan kanta, ya riga ya fito da ledar. Mutumin kirki ne, amma ran nan asibitoci uku suna jiransa, kansa ya ɗau zafi. Ya ce shi ya duba, in sa hannu kawai in kama hanya. Na laluba jikina, ko ƙyalle ɗaya busasshe babu. Gaskiya na ji kamar in bi maganarsa, don matar tana cikin raina.

"Oga, ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ba ni auduga."

Ya yi tsaki, ya ce ni da ƙa'idata sai ka ce alƙali, amma ya miƙo. Na goge tabaraun a tsanake, na ɗaga ledar na fara karantawa. Ina zuwa lambar ƙarshe na ga ya daina motsi. Ya sa na maimaita. Ledar wani asibiti ce, an ajiye ta kusa da tamu, kuma rukunin jinin ma ba ɗaya ba ne. Ya koma ciki ya ɗauko tamu, muka karanta sau biyu.

Kada ku ce ai Sista za ta kama kuskuren. Za ta kama, amma sai in sake zuwa da dawowa cikin ruwan nan, kuma likita ya faɗa daga baya cewa matar ba ta da wannan lokacin. Na iso ana kiran magariba, aka ɗaura mata jinin, ta kwana lafiya.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu gaggawa ta kan hanya ce, ba ta bakin rajista ba. Ka taka keke iya ƙarfinka, amma in an miƙo maka biro, tsaya sai idonka ya gani. Tun daga ranar ban sake fita ba sai da busasshen ƙyalle ƙulle cikin leda a aljihun ƙirji.

Bayan arba'in matar ta kawo jaririnta rigakafi. Ta wuce ni a bakin ƙofa ina gyara sarkar keke, ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Ba ta san ni ba, ni kuma ban gaya mata komai ba. Na amsa, na bi ta da kallo har ta shige, tana tafiya da ƙafarta.