Tsohon Ma'aikacin Gidan Waya da Wasiƙun Imamai

Shekarar da ƙanena ya koma Shi'a, Baba ya daina yi masa magana. Bai kore shi ba, bai zage shi ba. Sai dai in yana son faɗa masa wani abu, ni zai faɗa wa, ko da kuwa suna zaune a tabarma ɗaya. Da aurena da 'ya'yana na koma 'yar aike, kullum ina cikin keke tsakanin gidana a Bosso da gidanmu na Tunga. Abin yana cin raina, don Baba ya tsufa, ina tsoron ya tafi a haka.

Baba a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. In ka ce ka aika saƙo, bai damu da abin da ke ciki ba, ta hannun wa ka aika shi ne tambayarsa.

Lokacin ƙanen nawa yana rubutun kammala karatunsa na tarihi, a kan wasiƙun imamansu na farko. Wata Asabar da la'asar ina tsintar shinkafa a baranda, ya zo ya dame ni da karatu. Baba yana gefe da rediyonsa, ya ba mu baya.

Ƙanena ya ce mabiyan imaman sun bazu a garuruwa masu nisa, imaman kuma sau da yawa masu mulki sun sa musu ido, zuwa wurinsu sai da dabara. Sai mutum ya rubuta tambayarsa, ya bar fili a ƙasa, amsa ta dawo masa a takardar da ya aika. Amintattun wakilai ne ke ɗauka, da fatake da mahajjata, har an ce wani mai sayar da man shanu a cikin kayan sana'arsa yake ɓoye saƙo. Da waɗannan takardu masu tarihi suke gane inda mutanen suka zauna da abin da ya dame su, gado ne, ciniki ne, ko tsarki.

Sai na ji an rage muryar rediyo.

"Tambaye shi," in ji Baba, "yaya suke gane ba ta jabu ba ce?"

Na juya na tambayi wanda ya riga ya ji. Ya ce da rubutun hannu, da hatimi, da sanin wanda ya kawo, kuma duk da haka akwai waɗanda malamai ke jayayya a kansu har yau. Baba ya gyaɗa kai, amsar ta yi masa. Ya ce in tambaye shi wata nawa saƙo ke yi a hanya. Na tambaya. Ya ce in tambaye shi in ɗan aiken ya mutu fa.

Nan na gaji, na kuma ga dama ta samu. Na ɗauki tirena na shige kicin, na ce shinkafa ba za ta dafa kanta ba.

Ina tsaye bakin murhu, ko ashana ban ƙyasta ba, na kasa kunne. Baba ya kira ni, na yi kunnen uwar shegu.

Har yau ba su daidaita a kan aƙida ba, kowa da masallacinsa, ni kuma ban taɓa sa bakina ba. Amma ranar na ji Baba ya yi gyaran murya, ya ja kujerarsa.

"Auta," ya ce, "matso nan, kunnena ba ya kaiwa. In ɗan aiken ya mutu, wa ke ƙarasa da wasiƙar?"